Murmushi da Kibiya a Kwance

Masu cika min akwatin saƙo da "Magdalina, yaya aka ƙare da Zamani?" ku matso, yau zan faɗa muku. Roƙona ɗaya ne: kada wanda ya ajiye min fuskar dariya ko ta kuka a ƙasan wannan rubutu. Na ƙoshi da fuskoki.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Magdalina, shekarata ashirin da tara, tela ce ni a Tudun Fulani. Iyayena mutanen kudancin Kaduna ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo Baba Minna tun kafin a haife ni. Zamani kuwa saurayina ne na shekara bakwai, malamin kwamfuta a wata makaranta a Bosso. Dogo ne, mai sanyin hali, yana da in'ina mai nauyi. In magana ta tsaya masa a maƙogwaro sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe, shi ya sa ya tsani kiran waya kamar yadda na tsani ɗinkin leshi mai duwatsu. Rabin soyayyarmu a rubuce muka yi ta. Ɗaya rabin kuma da 'yan fuskokin nan na waya.

Saƙon farko da ya taɓa turo min, lokacin ina riƙe da 'yar ƙaramar waya mai madannai, cewa ya yi, "Kin yi kyau a coci yau :-)" Na duba, na sake dubawa, na rubuta masa, "Wayarka ta lalace ne? Mene ne wannan tarkacen a ƙarshe?" Ya ce, "Karkata kanki hagu." Na karkata a tsakiyar shago, ga ido biyu, ga hanci, ga baki yana murmushi. Na yi dariya har allura ta soke ni. Ku yi min shaida, da ɗigo biyu da ɗan layi da rabin baka aka sace min zuciya. Arha ta yi yawa.

Shi kuma da ya ga ya samu ɗaliba, sai ya buɗe min aji. Wai wani malamin jami'a ne a Amurka ya kawo shawarar wannan fuskar a shekarar 1982, don abokan aikinsa suna rigima a rubuce, ba sa gane wasa da gaske. Daga baya mutanen Japan suka zana ƙananan hotuna a wayoyinsu, su suka raɗa musu suna imoji. Yanzu har kwamiti gare su, kusan duk shekara sai an ƙara sababbi. Akwai ranar da yake zaune a bencin shagona ina kafa hannun riga, ya rubuto min, alhali tsakaninmu bai fi taku biyu ba: "Kin san wasu sababbin ɗinka su ake yi? A ɗauko tsofaffi biyu a haɗa su da zaren da ba a gani, kamar ɗinkinki." Na ce masa, "Malam, a bar ni in yi aiki." Da na san wannan darasin zai fito a jarrabawa, da na kashe keken na saurara.

To, ga inda gizo yake saƙar. Ni AS ce a gwajin jini. Mama da Baba ma duk AS ne, ba su sani ba sai da aka haifi ƙanwata Rose da sikila. Shekara tara ta yi a duniya, yawancinsu a gadon asibiti. Ni nake matsa mata ƙafa idan ciwon ya tashi, tana cewa, "Yaya, ƙara dannawa," ina dannawa har hannuna ya mutu. Ranar da aka binne ta Baba bai yi kuka ba, amma ya faɗa a gaban kowa cewa muddin yana numfashi, jininsa ba zai sake haifar irin wannan wahalar ba.

Zamani yana da wani katin gwajin jini tun lokacin da ya shiga jami'a, an rubuta AA. Da shi muka dogara shekara bakwai. Amma da Anti Susan, ƙanwar Mama, ta matsa wa gidanmu lamba da "yarinya tana tsufa a kan keken ɗinki," Baba ya kira ni falo ya yanke magana. Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ki gaya wa yaron nan abu biyu. Ya je ya sake gwajin jini, ba na son tsohon kati. In ya fito lafiya, ya turo manyansa Asabar ɗin ƙarshen wata. Kafin nan kada in ga ƙafarsa a ƙofar gidana. In kuma Asabar ta wuce shiru, a rufe maganar."

Ranar Talata da hantsi na san zai karɓo sakamako. Na zauna a shago ina warware aljihun da na ɗinka a baibai. Da na kasa haƙuri na rubuta masa: "Ka karɓo takardar? Lafiya lau? In gaya wa Baba za ku zo ran Asabar?"

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Kusan minti ashirin muna haka. Sai ga amsa ta faɗo:

🙂 ↔️

Murmushi, da kibiya mai kai biyu a kwance.

'Yan'uwa, ku faɗa min tsakaninku da Allah, wace mace ce za ta ga murmushi a irin wannan wurin ta tsaya bincike? Na yi tsalle har na ture kwanon maɓallai. Na tura masa 😭😭😭, don ni haka nake yi in daɗi ya kashe ni. Ya dawo min da 🙏. Na ce a raina, ka ga bawan Allah, godiya yake yi wa Ubangiji. Na mayar masa da 🙏 ni ma, na rufe shago da rana tsaka na hau acaɓa sai gida.

Na tarar da Mama da Anti Susan a tsakar gida suna gyaran alayyafo. Na miƙa musu wayar, gilashinta duk a tsattsage. Mama ta nisanta ta da fuskarta ta ce, "Murmushin na gane. Wannan sandar fa?"

Anti Susan ta fizge. "Ke ba ki waye ba, Yaya. Kibiya ce, kai nan, kai can. Gidansu da gidanmu ke nan, a je a dawo. Zumunci ya ƙullu!" Ta saki guɗa har kajin maƙwabta suka watse.

Baba ya fito daga ɗaki da rediyonsa a hannu. Na durƙusa na ce, "Baba, ya ce lafiya lau, za su zo." Ya kalle ni. Sai ya ɗaga kai ya dubi hoton Rose da ke rataye a saman ƙofar falo, ya ce, "Mun gode wa Allah." Ya koma ciki. Na ji shi yana kiran yayansa, Baba Samuel, a Kafanchan.

Daga nan gidanmu ya zama kamar ana shirin Kirsimeti. Laraba Mama ta ja ni Kasuwar Kure, muka sayo acca da gero da citta da kaji huɗu masu rai, ta tsaya a kowace rumfa tana shelar 'yarta za a zo tambaya. Matan zumunta na cocinmu suka aiko da manyan tukwane. Baba da kansa ya hau kujera ya share yanar gizo-gizo a silin, ya sa aka wanke labulen da rabonsa da ruwa tun bara. Ni kuma na fito da atamfar da na ɓoye a ƙasan akwati shekara uku, ruwan ganye mai zanen tsuntsaye, na yanka ta doguwar riga mai kama jiki a sama da baza a ƙasa, na yi mata hannu mai tattara. Ban taɓa yi wa kwastoma ɗinki da irin wannan natsuwar ba.

Za ku ce, duk kwana ukun nan ba ku yi magana ba? Na tura masa hoton atamfar ran Alhamis, saƙon bai ma shiga ba. Na ce hidima ce ta yi masa yawa, yana can yana tattaro kawunnansa. Kuma Zamani ba mai yawan surutu ba ne ko a rubuce. Na saba da shirunsa har na daina jin tsoronsa, nan ne na cuci kaina.

Ranar Juma'a da safe na je Tunga wurin ƙawata Purity, mai shagon kwalliya, don mu gwada ɗaurin ɗankwali. Purity a Minna ta girma amma har yau Hausarta ba ta san mace da namiji ba, kowa "kai" ne a wurinta. Ta zaunar da ni gaban madubi, ta cika bakinta da fil, tana ja tana naɗawa.

"Oya, gaya min," in ji ta. "Yaya malam ya faɗa maka? Ya kira? Ya yi magana da baki?"

"Wane baki? Imoji biyu ya turo."

"Shekara bakwai, imoji biyu? Wannan mutum zai kashe ni. Nuna min."

Na miƙa mata wayar. Ta yatsina fuska. "Abeg, wannan gilashi zai yanka min hannu. Tura min a nawa, zan sa a status."

Na tura mata saƙon kamar yadda ya zo. Wayarta sabuwa fil ta yi ƙara a kan tebur. Ta ɗauka tana murmushi, sai na ga murmushin ya tsaya. Ta cire fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya.

"Magda, wannan ne ya turo maka?"

"Shi ne. Murmushi da kibiya."

"Babu kibiya a nan."

Ta juyo min da wayar. Fuska ɗaya ce tak. Idanunta a lumshe, bakinta da ɗan murmushi, ga wasu 'yan layuka a gefe da gefe, alamar kan yana juyawa hagu da dama. Ba zan sa muku ita a nan ba, don wataƙila wayarku irin tawa ce, ku ma ku ga abin da na gani.

Na ce, "To ai murmushi take yi."

"Yana girgiza kai ne, Magda. A'a ke nan." Ta buɗe jerin fuskokin wayarta ta nuna min guda biyu a jere. "Ka gani? Wannan yana ɗaga kai sama da ƙasa, shi ne e. Wannan hagu da dama, shi ne a'a. Sababbi ne. Yaushe rabon ka sabunta WhatsApp naka?"

Yaushe rabo? Wayata ta cika da hotunan ɗinki, kullum ta nemi in sabunta sai in danna "daga baya." Ta fi shekara biyu a haka. Ina zaune da rabin ɗankwali a kai sai maganar nan ta dawo min tiryan-tiryan, har da bencin da yake zaune a kai: a ɗauko tsofaffi biyu a haɗa su da zaren da ba a gani. Wayarsa ta ɗinke su. Tawa ba ta san zaren ba, sai ta warware ɗinkin ta miƙo min ƙyalle biyu. Da e ya ce, da kibiyar a tsaye zan gan ta.

Purity ta ce, "Wataƙila hannunsa ne ya kuskure." Ko ita ba ta yarda da abin da ta faɗa ba.

Ban tsaya cire ɗankwalin ba. Na tari Keke Napep daga Tunga zuwa Bosso, duk hanya ina kiran lambarsa a kashe. Na isa makarantar ana tashin yara. Na same shi shi kaɗai a ɗakin kwamfuta, yana lulluɓe na'urori da leda. Rigar da ke jikinsa ni na ɗinka masa, ta yi masa yawa a kwana uku. Da ya gan ni ledar ta faɗi daga hannunsa.

Na ce, "Zamani, da baki nake so. Me takardar ta ce?"

Ya buɗe baki. "A..." Jijiyar wuyansa ta miƙe. "A... A..."

Allah ya gani, na riƙe wannan harafin kamar igiya. A biyu ya faɗa, na ce a raina, A biyu ne, Purity ce ba ta iya karatu ba. Shekara bakwai ban taɓa ƙarasa masa magana ba, don na san yana jin ciwon hakan, amma ranar saura kaɗan in ƙarasa masa da harafin da nake so. Ya runtse ido, ya dafe tebur, iska ta fito ta tsakanin haƙoransa.

"S."

Ya zaro takarda daga aljihu, ta yi laushi saboda ninkewa da buɗewa. Guda biyu ne ma. Ya je wuri na biyu ran Laraba ko za a samu bambanci. Duka AS. Tsohon katin nan da muka ɗora rayuwarmu a kai, kuskure ne tun farko.

Na ce, "Shi ne ba za ka kira ni ba? Shi ne za ka sallame ni da 'yar fuska kamar wadda ta tambaye ka ko ka ci abinci?"

Ya ɗauko wayarsa ya kunna, ya rubuta, ya miƙo min, yadda muka saba in maganar ta fi ƙarfin bakinsa. "Na rubuta sau goma ina gogewa. Na kasa. Da kika turo kuka na ɗauka kin gane. Na roƙe ki gafara, kika amsa min."

Na ja hirar sama a wayarsa. Ga fuskar tana girgiza kai. Ga kukana guda uku a ƙasa. Ga hannuwansa a haɗe, ga nawa. A wayarsa hira ce ta mutum biyu da suka yi ban kwana cikin mutunci. A tawa kuwa an sa ranar biki. Ko harafi ɗaya babu wanda ya yi wa wani ƙarya.

"Manyanka fa?" na tambaya, ko da yake na san amsar.

Ya girgiza kai. A fili wannan karon, babu murmushi.

Na ce, "Baba Samuel yana hanya daga Kafanchan. Mama ta jiƙa gero. An wanke labule, Zamani." Ban san dalilin da ya sa labulen ne ya karya ni ba, amma a nan na zauna a kujerar yara na yi kuka mai sauti. Ya durƙusa a gabana, bai taɓa ni ba. Da na lafa ya sake rubutawa: "Akwai masu yi a haka. Ba dole kowane ciki ya zo da sikila ba. In kin ce mu je, zan je gaban Baba da kaina."

Na karanta sau biyu. Ina son mutumin nan, ku sani. Ina son sa har ina jin haushin kaina. Amma hannuna bai manta ƙafar Rose ba. Na ce, "Ɗaya cikin huɗu, kowane ciki. Kai malamin lissafi ne kusan. Kai za ka danna ƙafar, ko ni?" Ya mayar da wayar aljihu. Ya rako ni bakin titi ya tsayar min da Keke, muka tsaya kamar baƙi. Da zan shiga ya ce, da bakinsa, ba tare da ya sarƙe ko sau ɗaya ba, "Ɗankwalin ya yi miki kyau."

La'asar ta yi lokacin da na sauka a bakin layinmu. Tun daga nan nake jin ƙamshin citta da hayaƙin itace. Wata mota mai lambar Kaduna tana fake a ƙofar gida. A tsakar gida Mama tana tace kunu, zaninta ɗaure a ƙirji, tana rera waƙar coci. Anti Susan tana fige kaza ta uku. Rigata ruwan ganye tana rataye a ƙofar ɗakina, an goge ta, tsuntsayen sun miƙe.

"Ga amarya!" in ji Anti Susan. "Ji ɗauri! Idonki ya yi ja, hayaƙin Keke ne? Maza shiga, iyayenki suna jira."

Na shiga falo na durƙusa. Baba Samuel ya tsufa fiye da yadda na san shi, ya yi tafiyar awa shida da ciwon baya saboda ni. Ya dafa kaina ya sa min albarka da yarenmu. Baba yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin hoton Rose, sanye da farar rigar da ba ya sawa sai Ista, wai yana gwadawa ko ta matse shi. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun Rose tana da rai.

Ya ce, "Uwata, ƙarfe nawa suka ce za su iso gobe? Goma ko sha ɗaya? Yayana yana so ya shirya abin da zai faɗa."

Na buɗe baki. Ranar na san abin da Zamani yake ji duk rayuwarsa. Maganar tana nan, na san ta, gajeriya ce, amma ta tsaya a wuya ta ƙi gaba ta ƙi baya. Leɓena ya ja da kansa kamar mai murmushi, don kada in fashe da kuka. Na sunkuyar da ido, na girgiza kai hagu da dama, a hankali.

Baba Samuel ya kwashe da dariya. "Ka ga 'yar gidan mutunci! Kunya take ji, Moses. Ka bar ta."

Baba ma ya yi dariya, ya leƙa ta taga ya ɗaga murya. "Maman Magda! A yanka ta huɗun ma, kada abinci ya kasa baƙi."

Ina durƙushe na ji kazar ta yi kuka sau ɗaya a bayan gida.